Asus P2B tana ganin rabin RAM: filashin BIOS zai gyara?

Mai_Tsohon_Ƙarfe:
Assalamu alaikum masana. Ina neman shawara kan madabod Asus P2B mai cifset Intel 440BX, da furosesa Pentium III 500. Na sa mata sandar RAM guda biyu, kowace 256MB PC133, ƙwayoyi takwas a gefe ɗaya, ɗaya gefen babu komai. Idan ta tashi tana ƙirga 262144K ne ta tsaya, wato kowace sanda 128MB take gani. Na sauya musu gurbi, na gwada ɗaya-ɗaya, duk haka. Sannan had disik ɗin 80GB da na jona, tana zuwa wajen gano shi sai ta sandare. BIOS ɗin tsoho ne tun na 1998. Idan na yi mata filashin, wato na rubuta mata sabon BIOS, manhajar da ke tayar da bod, duka biyun za su warware?

Injiniya_Slot1:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Matsaloli biyu ne daban, filashin zai warware ta had disik kawai. Ta RAM ba ta BIOS ba ce, a jikin cifset take, wato ƙwayar kan bod da ke sarrafa RAM.

440BX ba ya iya sarrafa ƙwayar da ta wuce megabit 128, kuma layi ɗaya na RAM, wato rukunin ƙwayoyin da yake karantawa tare, ba ya wuce 128MB a wurinsa. Sandarka mai ƙwaya takwas, kowace ƙwaya megabit 256 ce, tsarin 32Mx8, tana buƙatar layukan adireshi 13 don zaɓen jeri. Cifset ɗin 12 yake bayarwa. Layin adireshi na 13 ba ya aiki, sai rabin kowace ƙwaya ya zama ba a isa gare shi. Shi ya sa lissafin ya fito rabi cif-cif. Babu wani BIOS da zai ƙaro layin da ba a gina shi a cikin silikon ba.

Sandar 256MB da za ta yi maka ita ce mai ƙwaya 16, takwas a kowane gefe, tsarin 16Mx8. Kar ka dogara da takardar da aka manna, karanta lambar da ke kan ƙwayar kanta:

Micron: MT48LC16M8A2 ta yi, MT48LC32M8A2 ba ta yi ba.
Samsung: K4S280832 ta yi, K4S560832 ba ta yi ba.
Hynix: HY57V28820 ta yi, HY57V56820 ba ta yi ba.

Kasancewarta PC133 ba laifi ba ne, za ta yi aiki lafiya a 100MHz. P2B gurbi uku gare ta, iyakarka 768MB ke nan.

Hajiya_BX:
Malam Injiniya ya faɗi gaskiya, amma akwai tarko ɗaya da ya kamata a ƙara. Ba kowace sanda mai ƙwaya 16 ce ke yi ba. Akwai masu araha da aka haɗa da ƙwayoyin 32Mx4, misali MT48LC32M4A2. A ido gefe biyu ne, amma a wurin cifset duka sha shidan layi ɗaya ne mai 256MB. Irin waɗannan an yi su ne don cifset ɗin VIA kamar Apollo Pro 133A. A kan BX ko ta ga rabi, ko ta ƙi tashi gaba ɗaya sai ƙarar "fiii" mai tsawo tana maimaituwa. A kayan gwanjo su ne suka fi yawa, don haka a duba a ga "16M8" ko "2808" ko "2882" a lambar kafin a biya kuɗi.

Idan ka samu mai ƙwaya 18, ta ECC ce, wato mai gyara kuskure, BX yana karɓarta idan ƙwayoyinta 16Mx8 ne. Sai dai kar a haɗa mai rajista, wadda ke da ƙarin ƙananan ƙwayoyi a ƙasa kusa da haƙoran, da marar rajista a bod ɗaya.

Bayan ka sa sababbin, shiga Chipset Features Setup a cikin BIOS ka bar SDRAM Configuration a By SPD, wato bod ya bi bayanan saitin da ke rubuce a jikin sandar. Idan sandunan ba kamfani ɗaya ba ne, ko wani ya yi ƙarya a SPD ɗinsa, saita CAS, wato jinkirin karanta RAM, da hannu zuwa 3. Sai ka bar Memtest86+, manhajar gwajin RAM, ya zagaya aƙalla sau biyu. Haƙoran sandar a goge su da abin goge fensir sannan da sifirit, tsatsar shekara ashirin da wani abu kan kawo kuskuren da za a ɗora wa RAM alhali lafiyarta ƙalau.

Mai_Tsohon_Ƙarfe:
Allah ya saka da alheri. Na duba, K4S560832 ne a rubuce, magana ta fito. To batun filashin ɗin fa, yaya zan yi kar in kashe bod ɗin?

Injiniya_Slot1:
Sandarewar daga kuskuren Award 4.51PG ne, wato nau'in BIOS ɗin da ke bod ɗin, tsofaffin sigoginsa suna rikicewa da disik ɗin da ya wuce 32GB. Siga ta ƙarshe da aka fitar wa P2B ita ce 1014 beta 003, ita za ka nema. Ka tabbatar fayil ɗin na P2B zalla ne, domin P2B-F da P2B-D da P2B-LS kowace da nata, sa na wata a wata zai iya hana bod tashi.

Cire disik ɗin 80GB tukuna. Haɗa fulofi mai tashi da DOS tsirara, babu manhajojin sarrafa memori HIMEM da EMM386, ka sa AFLASH.EXE, manhajar filashin ta Asus, da fayil ɗin BIOS. Fulofin ya zama wanda ka yi wa cikakken fomat bai nuna wurin da ya lalace ba. Abu na farko a AFLASH shi ne ka adana tsohon BIOS a fulofin, sannan ka rubuta sabon. Kar ka fara sai kwamfutar tana kan UPS ko inbata, aikin bai kai minti ɗaya ba amma ɗaukewar wuta a tsakiyarsa ya isa. Idan ya nuna kuskure kar ka kashe, maimaita nan take ko ka mayar da tsohon. Da ya gama, kashe, kunna, ka yi Load Setup Defaults. Batirin CR2032 ma sauya shi, idan ya yi sanyi saitin zai riƙa gogewa.

Ko an samu akasi bod ɗin bai mutu ba. Ƙwayar BIOS ɗin mai ƙafa 32 ce a kan soket, ana zare ta a rubuta da furogirama irin TL866. A ɗaga ta kaɗan-kaɗan daga gefe biyu don kar ƙafafun su lanƙwashe, a kuma lura da ɓangaren da ke da tsaga lokacin mayarwa, juya ta baibai ƙona ta yake yi.

Ko da sabon BIOS, iyakar disik 137GB ce.

Ɗan_DOS:
Idan Windows 98 za ka sa, tsaya a 512MB ya fi maka kwanciyar hankali. Da an wuce haka sai VCACHE, ma'ajiyar fayiloli ta wucin gadi a Windows, ya cinye wurin adireshi, Windows ta riƙa cewa babu isasshen memori alhali ya yi yawa ne. Idan dole sai 768MB, buɗe SYSTEM.INI, ƙarƙashin [vcache] ka rubuta MaxFileCache=524288 ko ƙasa da haka. Ya fi sauƙi ka girka Windows ɗin da sanda ɗaya, ka gyara fayil ɗin, sannan ka ƙara sauran. FDISK na Windows 98, manhajar raba disik, kuma yana nuna girman ƙarya ga disik ɗin da ya wuce 64GB, naka na 80GB zai fito kamar ɗan ƙarami, sai ka nemo gyararren FDISK ko ka raba shi da kaso cikin ɗari maimakon megabait.

Pentium III ɗinka ba shi da matsala da yawan RAM, amma mai Pentium II na farko, irin Klamath 233 zuwa 300, ya sani kash ɗinsa, wato ƙaramar ma'ajiyar sauri ta furosesa, 512MB na RAM kawai yake rufewa, abin da ya haura nan tafiyar hawainiya zai yi.