An hana kafa eriya a estet ɗinmu, ya zan yi da rediyona?

ƊanMamobi

Assalamu alaikum jama'a, manya da ƙanana barkanmu da warhaka. Dan Allah masu harkar rediyon sha'awa, wato mu da ke magana da juna ta rediyo daga gida, ku zo ku taimake ni da shawara. Na tashi daga Mamobi na kama haya a wani estet ta wajen Spintex, duk a nan Ankara babban birnin Gana, gidan ba laifi wlh, akwai ɗan fili ta baya da bishiyar mangwaro guda ɗaya, to amma cikin takardar da na sa wa hannu akwai doka wai ba a kafa turke ko wani ƙarfe da zai wuce rufi tsayi, ba a jan waya a sarari, dish ɗin talabijin da tankin ruwa kawai aka yarda da su. A Mamobi kam wa zai tambaye ka, gora biyu na haɗa na ɗaure a jikin gini na ja wayata kuma ba wanda ya taɓa ce min uffan, nan kuwa ko fentin get ɗinka ka canza sai an turo maka takarda.

Rediyon HF ce, wato ta gajeren zango, mai wat 100, zangon da na fi so shi ne na mita 20 da na mita 40. Na ga 'yan Amurka a YouTube suna shimfiɗa eriya cikin silin ba mai gani, shin in na yi haka zai yi aiki a nan? Ko akwai wata dabara da ba za ta ja min rigima da kiyateka mai kula da estet ɗin ba, don mutumin nan idonsa na kan kowa.

Baba_Injiniya_Aboabo

Wa alaikumus salam ɗana. Maganar silin ɗin nan ka cire ta daga ranka tun yanzu. Gidajen da kake gani a bidiyon nan katako ne da wani rufi mai kamar kwalta, sigina na ratsa shi ya wuce abinsa. Mu kuma daga Ankara har nan Kumasi rufin kwano muke yi, alminiyom ko zinki, in ka shimfiɗa waya ƙarƙashin kwano to ka kulle siginarka a akwatin ƙarfe ne, SWR, wato awon siginar da ke dawowa cikin rediyo maimakon ta fita, zai yi ta hauka, ɗan abin da ya fita kuma cikin wayoyin wutar gidanka zai shiga, ka ji sifikar falo na magana da muryarka. In kuma rufin gidan na kankare ne da rodi a ciki, shi ma duk kanwar ja ce.

Tunda kana da mangwaro ai ka gama samun turke. Ka nemi siririyar waya mai baƙar riga ko ruwan toka, tsayin mita 20 da ɗan ɗori, lissafin shi ne ka raba 143 da mitar da kake so a MHz, to 143 a raba da 7.1 na zangon mita 40 zai ba ka tsayin wajen mita 20.1, ka yanka da ɗan saura don ragewa ya fi ƙari sauƙi. Ba a tsakiya za ka ciyar da ita ba, ta baki ɗaya za ka haɗa, da ɗan tiransifoma 49:1 a ƙaramin akwatin roba da za ka maƙale ƙarƙashin bakin rufi inda ba mai ɗaga kai ya duba. Amfanin wannan tsarin shi ne kebul ba zai riƙa reto a tsakiyar tsakar gida ba, kuma waya ɗayan nan za ta yi maka zangon mita 40 da 20 da 15 da 10. Ɗaya bakin ka ɗaura masa igiyar kamun kifi mai kauri, irin wadda ake samu wajen masunta a Jamestown ko Tema, ka jefa ta kan reshe mafi tsayi. Kar wayar kanta ta shiga cikin ganye, igiyar ce za ta shiga, don bakin wayar nan yana ɗaukar wuta mai ƙarfi lokacin da kake magana kuma jiƙaƙƙen ganye na canza mata tiyunin. Sannan kar ka ɗaure tamau, ka bi da igiyar ta kan ɗan kura ka rataya galan mai yashi a ƙasa, in iska ta kaɗa bishiyar galan ɗin ya hau ya sauka, waya ba ta tsinke ba.

In filin bai kai mita 20 ba ka lanƙwasa ta, ba dole sai ta miƙe sambal ba. In ma ya ƙi, yi ta tsayin mita 10 kawai ka haƙura da zangon mita 40.

Abin da ba na wasa da shi shi ne tsawa. Daga Afrilu zuwa Yuni ka san yadda sama ke yi mana. Ka kafa sandar as ta jan ƙarfe, wadda ke kai wuta cikin ƙasa, daidai inda kebul zai shiga ɗaki, kuma da ka ga hadari ya haɗo ka zare kebul ɗin gaba ɗaya daga rediyo, kashe ta kawai bai isa ba. Da hunturu ma busasshiyar iska mai ƙura na tara wuta a jikin doguwar waya har ka ji tana ƙyas ƙyas a bakin fulogi. Kai kuma da kake kusa da teku, duk mahaɗa ka naɗe ta da tef mai kyau don iskar gishiri ba ta barin ƙarfe.

Sparky_Ashaiman

Baba ya gama magana a kan waya, Allah ƙara girma Baba. Amma ɗan'uwa ni abin da nake jiye maka ba idon kiyateka ba ne, ƙarar kayan wuta ce a cikin rediyo. Estet ɗin nan kowace katanga da wayar shokin a kanta, na'urarta na harba wuta kusan duk daƙiƙa ɗaya, za ka ji tas tas tas a rediyo ba dare ba rana musamman in ciyawa ta taɓa wayar ko wani insuleta ya tsage, ga inbatar sola kusan kowane gida tun zamanin dumso da ake yawan ɗauke wuta, ga ƙwan LED masu araha ga cajar waya, duk waɗannan a mita 40 suke zubar da shararsu, sai ka ga allurar S mai nuna ƙarfin sigina ta tsaya a 8 ko 9 alhali ba wanda ke magana. Ka gwada wani abu, ranar da aka ɗauke wuta ka kunna rediyon da batir ka saurara, sannan ka sake saurara in an dawo da ita, bambancin da za ka ji shi zai gaya maka da wa kake faɗa. Kuma dan Allah kar wayarka ta bi layi ɗaya da wayar katanga, ka ratsa ta ta gicciye ko ka yi nesa da ita iya yinka, kar kuma ta bi ta samanta ta yadda in ta tsinke za ta faɗa kai.

Ni a nawa ɗakin eriyar da ake kira lup nake amfani da shi, zobe ne na bututun jan ƙarfe irin na masu gyaran AC, faɗinsa wajen mita 1, da kafasita mai juyawa a sama. In zan yi aiki in fito da shi baranda in na gama in mayar bayan ƙofa, ba wanda ya san ina da shi. Daɗinsa kana iya juya shi har ka sami inda ƙarar maƙwabci ta mutu. Wahalarsa kuma da ka matsa kaɗan a kan mita sai ka sake tiyunin, kuma a wat 100 wutar da ke kan kafasitan nan dubban bolt ce, ba abin da za a bari yara su zo kusa ba ne, ni ba na wuce wat 20 kuma ba na zama a gindinsa.

Da ƙaramar eriya irin wannan FT8 ne abokin tafiya. Joe Taylor, wanda ya ci kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a 1993, shi da Steve Franke suka fito da shi a 2017, kwamfuta ke aika saƙo duk daƙiƙa 15 kuma tana tsinto siginar da kunnenka ba zai taɓa ji ba. Ka zauna a 14.074 MHz da yamma ka ga yadda Turawa ke rububin 9G, alamar kiran 'yan Gana, don mu ba mu da yawa a iska.

Anti_Madina

Ƙanena ɗan Mamobi, ni ba 'yar rediyo ba ce, maigidana ne mai wannan ciwon, amma na zauna a kwamitin masu gidaje na inda muke don haka bari in faɗa maka yadda abin yake ta ɗaya ɓangaren. Duk ku nan dabarar ɓoyewa kuke ba shi. Mangwaron nan fa yara na hawa, mai yankan fulawa na zuwa, ran da aka ga waya da akwati an maƙale a lungu ba wanda aka gaya wa, ba za a ce eriya ba ce, cewa za a yi satar wuta kake ko kana naɗar maganar mutane, kuma kai ɗan haya ne, mai gidan za a kira ba kai ba. Abin da kwamiti ke tsoro uku ne zuwa huɗu, kar a kafa irin dogon ƙarfen kamfanin waya, kar abu ya faɗo kan motar wani, kar a ja tsawa, sai kuma masu cewa sigina na kawo ciwo. Ka fara zuwa wajen mai gidanka da lasisinka na NCA, hukumar sadarwa ta Gana, a hannu da guntun wayar a aljihu, ka nuna masa kaurinta, ka ce ga inda za ta bi kuma ranar da zan tashi zan kwance abina. In ya yarda shi zai shige maka gaba. Namu da ya yi haka, shugaban kwamitin dariya ma ya yi ya ce dama wannan ce eriyar, ai igiyar shanyarsa ta fi ta kauri.

Kuma ban ji ka ambaci lasisi ba a tambayarka, ina fata dai akwai.

Sparky_Ashaiman

Anti gaskiyarki amma wani kwamitin da ka tambaya ka jawo wa kanka, da sun ce a'a a rubuce shikenan ka rufe ƙofa da hannunka. Ko a Amurka ma haka suke fama, hukumar sadarwarsu FCC ta fitar da ƙa'idar PRB-1 tun 1985 wadda ta ce ƙananan hukumomi su sassauta wa masu rediyon sha'awa, amma ba ta shafi yarjejeniyar da mutum ya sa wa hannu da ƙungiyar masu gidaje ba, shi ya sa suke ɓoye eriya cikin sandar tuta. Lasisi izinin hawa iska ne, ba ya goge takardar haya.

Malam_Tafo

Ni mamaki nake har yanzu ba wanda ya kula da abin da dokar ta halatta. Sun ce dish an yarda ko? To ai magana ta ƙare. Akwai tauraron ɗan adam na ƙasar Katar, Es'hail-2, an harba shi a Nuwamba 2018, yana ɗauke da na'urar 'yan rediyon sha'awa da muke kira QO-100. Yana tsaye wuri ɗaya a digiri 25.9 gabas, ba ya motsi, ba sai ka bi shi ba, kuma yana haɗa daga gabashin Burazil har Tailan, Afirka da Turai duk suna ciki. Abin daɗin, dish ɗin MultiTV da ke kan kowane gida a Zango yana kallon digiri 28.2 gabas ne, kusan waje ɗaya, to naka dish ɗin zai jeru da na maƙwabta ba mai bambance su sai wanda ya san harkar.

Saurare ba ya cin kuɗi sosai. Siginar na saukowa a wajen 10489 MHz, LNB na talabijin na yau da kullum, wato ɗan kan nan da ke gaban dish, zai mayar maka da ita wajen 739 MHz, sai ka karɓa da ɗan RTL-SDR, ƙaramar na'urar kama sigina da ake soka wa a laftof, ka dai nemi LNB mai PLL don kar murya ta riƙa zamewa. Aikawa ce ke son shiri, a 2400 MHz ake hawa, kana buƙatar na'urar da za ta ɗaga siginarka zuwa can da ɗan amfilifaya, wat kaɗan ya isa murya in dish ɗin ya kai santimita 80 zuwa mita 1. Ba ruwanka da ƙarar inbata ko wayar katanga, sai dai ruwan sama mai ƙarfi ya ɗan rage maka. Ka dai tabbatar takardarka ta NCA ta haɗa da wannan mitar kafin ka danna, kuma kar a sa dish ɗin inda mutum zai tsaya a gabansa.

Na san Baba zai ce wannan ba rediyo ba ce tunda ba ka jiran yanayin sama.

Baba_Injiniya_Aboabo

Malam ai ka faɗa da bakinka. Ni in ban sha wahalar tsinto murya cikin shuuu ba ban ji na yi komai ba. Amma dabara ce, ban ƙi ba. Ɗana ka ji maganar Antinka, je ka ga mai gida tukun.

ƊanMamobi

Na gode ƙwarai, Allah saka da alheri Baba, Anti, Malam da kai Sparky. Anti lasisi akwai, har na sa shi a firem. Na auna bayan gidan ɗazu, daga bakin rufi zuwa reshen mangwaron bai fi mita 13 ba kuma wayar shokin na bin katangar da ke bayan bishiyar, don haka ina ganin zan ja mita 13 ɗin in sauko da sauran ta gefen tankin ruwa. Mai gidan yana Kumasi sai ƙarshen wata zai shigo, zan jira shi. Baba tambaya ɗaya, ƙafar tankin ƙarfe ce, nisan nawa ya kamata in bari tsakaninta da wayar? Malam kuma dan Allah in akwai inda ake samun LNB mai PLL ɗin nan a Zongo Lane ko Circle ka yi min kwatance.