Ƙwari sun ƙone a jikin salansa, me zai fitar da su?

Salamu alaikum jama'a. Don Allah masu babur, ku taimaka min da shawara.

Ranar Lahadi na taso daga Abuja zuwa Jos, magariba ta same ni bayan Akwanga, ga shi an ɗauke ruwan sama ba da daɗewa ba. Ƙwarin nan masu fukafukai da ke bin fitila suka yi ta faɗo min har na haure Hawan Kibo. Da na iso gida a gajiye nake, ban wanke mashin ɗin ba sai bayan kwana uku. Nan na yi kuskure.

Yanzu wuyan salansa, wurin da ya fi ɗaukar zafi, ya cika da ɗigo-ɗigo baƙi, sun kama kamar ƙanzo a gindin tukunya. Na sa Omo da ruwan ɗumi, na jiƙa tsumma na lulluɓe shi kusan awa guda. Na saman ya fita, na ƙasan ko gezau. Wani bakanike a Dilimi, nan cikin Jos, ya ce in goge da soson ƙarfe, amma ina tsoron ya kankare ƙyallin.

Gilashin gaban ma da ƙwarin suka manne wa ya fi damuna, don roba ne. Na gwada farce a gefe ɗaya, sai ga zane ya fito. An ce fetur yana dusashe irin wannan robar, shi ya sa ban kusance shi da shi ba.

Kananzir ko WD-40 (man feshin nan na sassauta tsatsa) zai yi wa salansar aiki ba tare da ya bar tabo in ta yi zafi ba? Gilashin kuma da me kuke wanke naku?