"Inuwar giginya, na nesa ka sha": yabo aka yi wa Malam ko habaici?

Tsohon Ɗalibi, Zangon Agege:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Da yawanku kun ji rasuwar malaminmu na firamare, Allah ya jiƙansa da rahama. Ga waɗanda ba su san shi ba, ya koyar da lissafi a wata makarantar gwamnati nan Agege har ya yi ritaya, da yamma kuma yana karantar da yara a Islamiyya. Ranar Asabar sai ya zura takalmin roba, ya ɗauki shebur da manjagara ya faɗa kwata. Mangwaro da dalbejiyar da ke bakin layinmu duk shi ya dasa. To a wurin zaman makoki, wani dattijo da ya zo daga garinsu ya ce, "Malam kam inuwar giginya ne, na nesa ka sha." Wasu suka gyaɗa kai, wasu na ga fuskarsu ta sauya. Iyayenmu na wannan zaure, yabo ya yi ko habaici?

Baba Mai Goro:
Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta wa Malam, ya sa ya huta. Yaro, habaici ne, kada ka yi tantama. Ku da aka haifa a Legas kwakwar Badagry kuka sani, ba ku san giginya ba. Doguwa ce sambal, ba reshe ko ɗaya, ganyen duk yana can ƙololuwa. In ka zauna a gindinta da hantsi ko da la'asar rana ce za ta gasa ka, inuwar ta tafi can gonar wani. Shi ya sa ake faɗa wa mutumin da alherinsa ke tsallake danginsa ya sauka kan bare. Tun tasowata ban taɓa jin an yabi mutum da ita ba.

Hajiyar Idi-Araba:
In haka ne, Baba, dattijon nan bai kyauta ba. Ko da gaskiya ce, gidan makoki ba wurin sakin irin wannan magana ba ne. Iyalinsa na zaune, ko hawaye bai bushe ba.

Kuma ni ban yarda gaskiya ce ba. Lokacin muna zaune a Agege aka yi ruwan nan na 10 ga Yuli 2011, wanda ya wuni yana zuba har Legas ta tsaya cik. Layin bayanmu ruwa ya shiga ɗakuna har gwiwa, katifu suna yawo. Namu layin ruwan ya wuce abinsa, saboda tun kafin damina Malam ya tara samari sun kwashe ledar fiya wata da robobi daga magudana. Na gan shi washegari da sassafe, rigarsa jiƙe sharkaf, yana zaro wata tsohuwar taya daga ƙarƙashin kwalbati da ƙugiyar rodi. Mu ne maƙwabtansa, katanga ɗaya ta raba mu. Mu ne na nesan?

Malamar Islamiyya:
Tambayar Hajiya ita ce gaɓar maganar. Karin maganar ta fito ne daga zaman da dangi da maƙwabta duk abu ɗaya ne, gidan kawunka na jikin naka. Can kowa ya san na kusa, ya san na nesa. Amma mutumin da ya yi yawancin rayuwarsa a Agege, nan ya yi aure, nan ya haifi 'ya'yansa, nan aka binne shi, wane ne na kusa da shi? Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Mala'ika Jibrilu bai gushe yana yi wa Annabi (SAW) wasiyya da maƙwabci ba har ya zaci za a ba shi gado. Ba a ce sai maƙwabcin da kuka fito gari ɗaya ba. 'Ya'yan Yarbawa da Ibo da Malam ya koyar, da matan da ke soya ƙosai a ƙarƙashin dalbejiyarsa, maƙwabtansa ne.

Mai Tumatir, Mile 12:
Ni abin da na sani da shi kwando ne. Duk farkon damina sai ya zo kasuwa yana roƙon tsofaffin kwandunan tumatir, waɗanda gindinsu ya zube muke shirin zubarwa. Da farko na ɗauka makamashi zai yi da su. Ashe kifa su yake kan ƙananan itatuwa don kada awaki su cinye, ya kafa sanda ya ɗaure da igiya. Irin kuma a cikin ledar fiya wata yake renonsa, ya yanke bakinta, ya huda ƙasa, ya cika da ƙasa da taki. Ledar da ya tsamo daga kwata ita ce tukunyar shukarsa. Ko sisi bai taɓa bari na biya masa na mota ba.

Ɗan Garinsu:
Ku yi haƙuri in sa baki, don dattijon da ake magana kawuna ne, kuma ban so a yanke masa hukunci ba a ji ta bakinsa ba. Bai faɗa da mugun nufi ba, ciwo ne ya yi magana. Garinmu yana can kusa da iyakar Nijar. Itatuwan da muka taso muka gani an sare an yi girki da su, iskar bazara in ta taso sai ta binne shuka da yashi. Tun 2007 muke jin labarin shirin nan na Tarayyar Afirka na kafa katangar itatuwa daga Senegal zuwa Jibuti, jiharmu ma tana cikin jihohi 11 na Arewa da aka sa. Firamaren garinmu ta sha yin zango ba malamin lissafi. Sai ga kawu ya sauka Legas, garin da ruwa ya yi wa yawa, ya tarar ɗan'uwansa ya cika layin mutane da inuwa, ɗalibansa har da injiniyoyi suna ta zuwa gaisuwa. Ku sa kanku a matsayinsa. Me zai ce?

Hajiyar Idi-Araba:
Allah sarki. Ɗana, na ji, kuma na sassauta. Amma ka gaya mini, ya yanke zumunci ne?

Ɗan Garinsu:
A'a Hajiya, ko kusa. Duk Babbar Sallah yana gida, kuma kuɗin makarantar marayu biyu na gidanmu daga albashinsa yake fita. Ya ma taɓa kai irin dalbejiya cikin buhu ya raba. Kafin ya dawo wata shekarar duk sun bushe, ba wanda ya yi musu ban ruwa.

Baba Mai Goro:
To ka ga ka kashe maganar kawunka da bakinka. Mutumin da ke riƙe da marayun gida ba inuwar giginya ba ne. Karin magana ba a ɗora ta don kawai ta yi daɗi a baki, sai ta zauna daidai kan mai ita. Itace kuwa ba aike ba ne da za a tura a mota. Yana son wanda zai tsaya a kansa safe da yamma har ya kama ƙasa, kuma mutum inda yake kwana nan yake iya wannan.

Bari in ƙara muku wani abu. Kakanninmu da suka zauna a Agege fataucin goro ya kawo su, layin dogo da ya isa Kano a 1911 ya ƙara buɗe hanyar. Tun daga lokacin zuwa yau Bahaushen Legas bai daina cewa "gida" yana nufin Arewa ba, ko da a nan aka yanke cibiyarsa. Sai mu tara mu kai can mu gina, nan kuwa mu zauna kamar masu jiran mota, bola a ƙofar gida ba ruwanmu. Malam ya ƙi wannan. Abin da ya sa wasu ke ganinsa wani iri ke nan.

Ɗan Bola, Ojota:
Baba ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Mu da ke tsintar roba da ƙarfe a jujin Olusosun mun san yadda ake kallonmu. Malam ne kaɗai mai ilimin boko da na sani yake tsayawa ya gaisa da mu hannu da hannu. Ya kan sa ɗalibansa su ware gorunan roba a buhu dabam su ajiye mana. Lokacin da gwamnatin jiha ta hana robar tekawe ta kumfa a Janairun 2024 har kirana ya yi yana murna, don ita ce ba mai saye, ba ta ruɓewa, sai toshe kwata.

Tsohon Ɗalibi, Zangon Agege:
Wallahi haka yake. Sharar ƙarshen wata da aka fara zamanin Buhari da Idiagbon, wadda ake hana fita da safe, Legas ta soke ta a 2016. Ranar kowa a layinmu ya ji daɗi, an huta. Asabar na zagayowa sai ga ƙarar shebur ɗin Malam. Mu da ya koyar muna wucewa mu ce "sannu da aiki, Malam," mu ƙara gaba. Ni in za a yi masa karin magana, "tsintsiya ɗaya ba ta shara" ta fi dacewa, kuma mu za ta soka ba shi ba.

Malamar Islamiyya:
Wannan ma ba ta zauna daidai ba, ƙanena. Ana faɗarta ne don a nuna mutum ɗaya ba zai iya ba. Shi kuwa ya iya gwargwado, ga itatuwan nan a tsaye.

Baba Mai Goro:
Kuma kada a raina giginya saboda inuwarta. Muruci daga ƙwallonta yake fitowa, azarar da ake rufin soro da ita gara ba ta cin ta da sauƙi, ganyen a yi tabarma da mafici. Na nesa inuwa kawai ya sha. Na gindi shi ke tsintar 'ya'ya.

Hajiyar Idi-Araba:
In ba su faɗo masa a ka ba, Baba! Ka san nauyinsu.

Ɗan Garinsu:
Hajiya kin sa ni dariya cikin makoki. Zan karanta wa kawu duk abin da aka faɗa, ko da yake na san shi, ba zai janye ba, zai ce ku ba ku ga garin ba ne. Ɗan'uwa Tsohon Ɗalibi, akwai sauran irin da Malam ya bari a leda? In da akwai zan tafi da kaɗan, wannan karon ni zan tsaya a kansu.

Tsohon Ɗalibi, Zangon Agege:
Akwai, suna bayan Islamiyya, amma mangwaron sun fara yaushi. Dalbejiya za ka ɗauka, ita ke jure ƙasarku. Mai Tumatir, a taimaka mana da kwanduna kafin Asabar.

Mai Tumatir, Mile 12:
An gama. Sai dai a turo yaro da Keke Napep, ba zan iya barin rumfa da safe ba.