Shin sai ta hanyar gasar damben sha'awa mace ke zama gwana a boksin?

Mai horarwa: Ina nan kan bakata cewa macen da ba ta hau matakan gasa ɗaya bayan ɗaya ba, tun daga ta ƙasa har ta duniya, ba za ta yi ƙarko a damben kuɗi ba. Ku dubi ukun da suka ci zinare a Landan a 2012, shekarar da aka fara saka damben mata a Olamfik: Nicola Adams a kilo 51, Katie Taylor a kilo 60, da Claressa Shields a kilo 75 tana da shekara 17. Dukkansu sun riƙe kambun duniya bayan sun koma damben kuɗi.

Mai bibiyar wasanni: Malam, ka zaɓo waɗanda suka dace da maganarka ne kawai. Amanda Serrano ba ta daɗe a damben sha'awa ba, ba ta taɓa zuwa Olamfik ba, ta shiga damben kuɗi tun 2009, amma ta ci kambu a ajin nauyi bakwai. Da suka haɗu da Taylor a zauren wasanni na Madison Square Garden da ke New York a 2022, alƙalai biyu ne suka ba Taylor, na ukun ya ba Serrano.

Tsohuwar 'yar dambe: Ɗan'uwa, Serrano tsuntsu ce mai wuyar gani, ba a gina ƙa'ida a kanta. Abin da gasa ke koyarwa ban ga inda ake samun irinsa ba. A damben kuɗi ana sanar da ke abokiyar karawarki watanni kafin ranar, ki zauna ki nazarci bidiyonta, a auna ki sau ɗaya ana gobe wasa. A gasa kuwa ƙuri'a ce ke haɗa ku, kuma duk ranar da za ki yi wasa sai kin hau sikeli da sassafe. Na sha tsayawa a layin awo cikina ba komai, leɓena a bushe, ina danna ƙanƙara a ƙasan idona don kada likita ya ga kumburin jiya ya hana ni shiga. Da yamma sai in tarar da bahaguwa doguwa, alhali jiya gajeriya mai kutse na doke. Turmi uku ne kacal na minti uku-uku, wadda ta yi sanyin jiki a na farko da wuya ta farfaɗo, kuma shan kaye sau ɗaya ne ke sallamarki gida. Taylor da kanta, bayan zinare biyar a jere a gasar duniya daga 2006 zuwa 2014, haka Mira Potkonen ta Finland ta fitar da ita a wasanta na farko a Olamfik na Rio a 2016.

Mai bibiyar wasanni: Hajiya, wannan hujja ai tawa ce. Tsarin da zai zubar da aikin shekara huɗu cikin mintuna kaɗan yana ɓata ƙuruciyar mace, ba tare da ta tara abin kirki ba. Salon ma daban ne: a damben sha'awa da hular kariya, a taɓa a kauce don burge alƙalai biyar, a damben kuɗi kuwa kai a buɗe har turmi goma.

Mai horarwa: Batun salo na yarda da shi, don mun sha wahalar koya wa yarinya ta dasa ƙafa ta yi naushi mai nauyi bayan ta saba da tsalle-tsalle.

Tsohuwar 'yar dambe: Ni abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda ku biyun kuka mai da gasa tsani zuwa damben kuɗi. Mary Kom ta Indiya ta ci azurfa a gasar duniya ta mata ta farko a Amurka a 2001, ta tara zinare shida zuwa 2018. Da aka ce babu ajinta a Landan, sai ta ƙara nauyi zuwa kilo 51 ta kara da waɗanda suka fi ta jiki, ta dawo da tagulla. A cikin ku wa zai ce ba gwana ba ce?