Wa ya taɓa ajiye kabaid ko kulorin a shago? Ku ba mu labari

Baban Ummi, Aboabo:
Salamu alaikum jama'a. Ina da kwantena a nan Aboabo, Kumasi ta ƙasar Ghana, kayan haɗa sabulu nake saidawa, soda da kala da turare, sai ɗan kafur. To jiya wani abokin cinikina ya ce zai kawo min garin kulorin, sinadarin nan na bilicin da ake wanki da shi, durom biyu in riƙa saida masa, kuma ƙanin mai gidan da ya ba ni haya shi ma yana so ya ajiye kabaid ɗinsa, na masu walda, a lungu ɗaya wai shagonsa ya cika. Ni dai a sanina fetur da gas da tina su ne masu cin wuta, amma tun gobarar kasuwar Adum ta watan Maris 2025 hankalina bai kwanta da komai ba. Wanda ya taɓa zama da kayan nan dan Allah ya faɗi abin da ya gani da idonsa.

Masta Ɗan Gonja, Suame Magazin:
Wa alaikumus salam. Ƙanena kabaid ɗin nan kar ka karɓa, ko da mai gidan ne da kansa ya roƙe ka. Shekara ashirin da wani abu ina walda da shi. Idan yana bushe kamar tsakuwa yake, ko ashana ka kai masa ba ruwansa, amma ruwa na taɓa shi sai ya fara fitar da gas ɗin da muke yanka ƙarfe da shi, kilo ɗaya yana ba da wajen lita 300. Wata damina yarona ya bar murfin durom a karkace, kwano kuma yana yoyo daidai wurin, da asuba na buɗe shago na ji wari kamar na tafarnuwa ya cika ko'ina kuma durom yana ta shiii, kafin in ce kar kowa ya taɓa komai wani yaro ya riga ya danna suwic na fitila, wallahi iskar ɗakin ce ta kama gaba ɗaya, gashin girata ya tafi, shi kuma har yau tabon na bayan hannunsa. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne makwabta, kowa ya taho da bokitin ruwa don taimako, suna zubawa wuta tana ƙara tashi. Sai da na tsaya a bakin ƙofa ina ihu a kawo busasshen yashi.

Hajiya Maman Sadiya, Asawase:
Alhaji ni tawa da kulorin ce. Muna wankin kayan otal da na 'yan makaranta, ina sayen garin a bokiti. Ranar nan yarinyata ba ta ga ludayin da muke ɗiba da shi ba, sai ta ɗauko wani gwangwani a tsakar gida, ashe mijina ya taɓa zuba man mota a ciki. Ta ɗiba ta ajiye ta shiga ɗaki. Ba a jima ba sai farin hayaƙi, sai wuta, babu ashana babu murhu kusa. Hayaƙin ne ya fi wutar illa, kwana uku ina tari kamar ƙirjina zai tsage, jikata sai da muka kai ta asibiti. Yanzu ludayin kulorin na roba ne, na ɗaure shi da igiya a jikin bokitin, ba ya taɓa komai.

Abu Yasir, Obuasi:
Baba, ni sito nake aiki a wajen masu haƙar zinari, kullum da irin waɗannan kaya muke kwana. Abin da aka fara koya min shi ne kar in tambaya "yana cin wuta?" kawai, don busasshen kaya hanyarsa ta kawo gobara ba ɗaya ba ce. Ka duba tambari mai kusurwa huɗu a jikin durom. Mai ratsin ja da fari da lamba 4, wannan yana kamawa da sauri, kafur ɗinka da farar wuta nan suke. Mai fari a sama ja a ƙasa yana ɗaukar zafi da kansa har ya kama. Mai shuɗi shi ne wanda ba ya shiri da ruwa, kabaid ke nan. Mai ruwan ɗorawa da lamba 5.1, harshen wuta a kan da'ira, shi ne kulorin ɗin Hajiya: shi kansa ba makamashi ba ne, iskar da wuta ke shaƙa yake ba ta, shi ya sa in ya haɗu da mai ko turare ko tsumma ko garin katako sai su su kama.

Ka ga ke nan maganin ɗaya dafin ɗaya ne. Wutar kulorin ruwa mai yawa take so, wutar kabaid kuwa ruwa abincinta ne. In suna lungu ɗaya aka yi gobara, ko 'yan faya sabis sun zo da me za su kashe?

Sannan lambar nan ba da ka ake ba ta ba. A ɗakin gwaji ana shimfiɗa garin ya yi layi mai tsawon milimita 250, a kunna bakinsa ɗaya a duba agogo, in wuta ta ci milimita 100 cikin ƙasa da sakan 45 to ya shiga sahun masu saurin kamawa. Dan Allah kar wani ya ce zai gwada a gida. Ka nemi takardar SDS, wato takardar bayanin hatsarin sinadari, wajen mai kawo kayan, sashe 16 gare ta, ka sa ɗanka ya karanta maka na 2 da na 5 da na 7 da na 10, hatsarinsa, abin kashe wutarsa, yadda ake ajiye shi, da abin da ba a haɗa shi da shi. Wanda ya kawo maka gari a buhun shinkafa babu tambari babu takarda, ni dai ba na karɓa.

Malam mai magani, Alabar:
Farar wuta fa a kula da ita. Na taɓa dakanta kusa da kurfoti da rana tsaka, ashe ta kama ban gani ba, don wutarta shuɗiya ce ba ta nunawa cikin hasken rana, sai da warin ya shaƙe ni na ga ta narke tana bin tabarma. Kafur kuma a cikin kwantena mai zafi kullum raguwa yake yana zama tururi, kar ka ajiye shi kusa da soket.

Ɗan Zango:
Ni fa ina ganin an cika tsoratar da bawan Allah. Kawuna ya fi shekara goma yana ajiye kulorin a shagonsa ba abin da ya faru. Kuma in ka hana ƙanin mai gida ai gobe a ce ka tashi.

Abu Yasir, Obuasi:
Ɗan'uwa, Allah ya ci gaba da tsare kawu. Amma sinadarin takin da ya tashi da tashar jirgin ruwa ta Beirut a watan Agusta 2020, tan 2,750, shi ma ya yi wajen shekara shida a sito ba abin da ya faru, rana ɗaya ya kashe mutum sama da 200. A nan gida ma mun ga Apiate kusa da Bogoso a Janairun 2022, mutane sun matso suna kallon mota tana ci da wuta ba su san abubuwan fashewa ta ɗauko ba, sai ta tashi da su. Kulorin yana lalacewa da zafi da laima, durom ɗin da ya kumbura ko murfinsa ya yi tsatsa ba irin na jiya ba ne.

Hajiya Maman Sadiya, Asawase:
Kuma Alhaji turare fa kake saidawa, ga kala ga kwali. Duk abincinsa ne.

Baban Ummi, Aboabo:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Bayan la'asar na je na samu mai gidan da kansa, na ba shi labarin Masta yadda ya faɗa, ya yi shiru sannan ya ce ƙaninsa ya nemi wani wuri. Mai kulorin kuma na ce ya kawo takardar tukuna, in ma zan karɓa bokiti ɗaya ne, ba a cikin kwantenar ba. Na sa lambar faya sabis 192 a jikin ƙofa, gobe yaro zai ciko min bokiti biyu da yashi. Abu Yasir saura soda, buhu huɗu gare ni a ƙasa kusa da tukwanen alminiyom da nake kwaɓi a ciki, shi ma akwai magana a kansa?