Wai ɗan jaridar da ya bi ƙa'ida ba mai taɓa shi a Kaduna?

Alhaji na Kawo: Jama'a, ina nan kan bakana. Duk ɗan jaridar da ya yi aikinsa bisa ƙa'ida ba mai taɓa shi a garin nan. Mu da muka ga Doka ta 4 ta mulkin soja ta 1984, lokacin da aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian shekara guda, mun san abin da ake kira takura. Yau kowa na zagin gwamna a rediyo da safe, ya koma gida ya ci tuwonsa.

'Yar jarida ta Barnawa: Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma, amma ban yarda ba. A unguwarmu aka ɗauke Dadiyata a watan Agustan 2019, yana shigowa gida da motarsa cikin dare. Har yau babu shi babu labarinsa. Ban ce ga wanda ya ɗauke shi ba, amma duk mai riƙe da alƙalami a Kaduna ya ji wannan abu a jikinsa.

Alhaji na Kawo: 'Yata, Dadiyata malamin jami'a ne mai rubutu a Twitter, ba ɗan jarida ba ne.

Barista: Ranka ya daɗe, to a bar shi, a ɗauki ɗan jarida Luka Binniyat. An kama shi a Nuwamban 2021 kan rahoton da ya rubuta game da kashe-kashen Kudancin Kaduna, aka tuhume shi da dokar laifukan intanet ta 2015, ya yi kusan wata uku a tsare kafin beli ya tabbata. A nan gizo ke saƙar. Ba sai kotu ta same ka da laifi ba, tsarewar ita ce hukuncin. A ce wannan kotu ba ta da hurumi, a ɗage zama, a gindaya sharuɗɗan belin da talaka ba zai iya cikawa ba, kafin ka ankara wata uku sun wuce.

Malam na Tudun Wada: Barista, a faɗi gaskiya duka. Sanatan da aka jingina wa magana a rahoton ya fito ya musanta ta. Kuma Kaduna ba Legas ba ce. A 2002 rubutu guda a jaridar ThisDay kan gasar sarauniyar kyau ta duniya, wanda ya taɓa mutuncin Manzon Allah (SAW), ya tayar da rikicin da ya ci rayuka sama da 200 a garin nan. Ni na kwana ina jin harbi, yarana a ƙarƙashin gado. Don haka idan hukuma ta ce a yi hattara, ba na ganin laifinta.

Barista: Malam, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, kada ya maimaita mana. Ba wanda ya ce alƙalami ba ya kisa. Amma duba su wa ake kamawa yau, kuma a kan me. Galibi jami'i ne ya ji an taɓa shi, sai ya kai ƙorafi ga 'yan sanda. Wanda aka yi wa ƙarya yana da hanya: ya nemi jarida ta janye ta ba shi haƙuri, ko ya shigar da ƙarar ɓata suna ya nemi diyya. Kotun ECOWAS ma ta ce sashe na 24 na waccan dokar laifukan intanet ya saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki. An yi masa gyara a 2024, amma a watan Mayun shekarar aka tsare Daniel Ojukwu na kafar binciken ƙwaƙwaf ta FIJ kwanaki, danginsa na ta cigiya.

Tsohon edita: Ni abin da ya fi damuna ba ya zuwa kotu ma. A wani gidan da na yi aiki, wakilinmu ya dawo daga wani ƙauye ta wajen Birnin Gwari da sunayen waɗanda aka sace, ya rubuta su a bayan takardar magani, takalminsa duk laka. Mun shirya shafi, sai waya ta shigo wa mai gidan. Ba a yi barazana ba, tuni kawai aka yi masa da kuɗin tallan gwamnati da bai karɓa ba tukuna. Aka cire labarin. Yaron nan yana bin albashin watanni, washegari aka tura shi taron manema labarai inda ake raba ambulan ɗin kuɗi. Alhaji, wannan ya bi ƙa'ida, kuma gaskiya ne ba a taɓa shi ba. Mutanen ƙauyen ne ba wanda ya ji kukansu.

Alhaji na Kawo: Wannan kwaɗayin masu gidajen jarida ne, ba laifin gwamnati ba.

'Yar jarida ta Barnawa: Baba, to tarar naira miliyan 5 da hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin, NBC, ta ci Trust TV a 2022 kan shirin da suka yi game da 'yan bindiga fa? Bayan nan wane edita ne zai sake tura yaronsa daji da kyamara? Kuma sashe na 22 na kundin tsarin mulki ne ya ɗora mana aikin sa ido kan gwamnati, ba mu muka ba kanmu ba.

Tsohon edita: Alhaji, ka ambaci zamanin soja. Bagauda Kaltho wakilin mujallar TheNews ne a nan Kaduna, ya ɓace zamanin Abacha. Sai a 1998 'yan sanda suka ce wai shi ne ya mutu a fashewar bam ta otal ɗin Durbar a 1996, abokan aikinsa suka ƙi yarda. Na yarda an samu sauƙi a kan wancan lokaci. Amma kada mu sa mulkin soja ya zama ma'aunin mulkin da muka zaɓa da ƙuri'armu.

Malam na Tudun Wada: Na yarda da batun tsarewa, bai kamata ba. Amma ku ma ku tsaftace gidanku. Ƙungiyarku ta 'yan jarida, NUJ, ta riƙa hukunta mai yaɗa ƙarya a fili, mu gani da idonmu.

'Yar jarida ta Barnawa: Wannan haƙƙinku ne a kanmu, Malam, ban musa ba.

Alhaji na Kawo: Ni dai ban sauka ba tukuna. Barista, turo mini sashe na 24 ɗin nan, tsohon da sabon, in karanta da kaina bayan isha'i.