Salansa tana hura hayaƙi ta mahaɗa: ku da ke shiga daji, yaya kuke yi?

Mai Hilux, Rigasa:
Assalamu alaikum. Ina ɗaukar masara da citta daga ƙauyukan wajen Kachia, kuma damina na kamawa matsala ɗaya nake fama da ita. Mahaɗar da ke ƙarƙashin manifol, wato ƙarfen da ke tara hayaƙi daga inji ya miƙa wa bututun salansa, sai ta fara hura hayaƙi. In na tada mota da asuba sai in ji tik-tik-tik daga gefen inji, in ya yi zafi sai ƙarar ta ragu. An sa sabon gasket, wato abin da ake sawa tsakanin ƙarafan biyu don toshe kafa, bai daɗe ba ya sake. Wani ya ce in kai a walde wurin gaba ɗaya in huta. Wanda ya taɓa gwadawa ya faɗa min gaskiya.

Bakanike, Kurmin Mashi:
Wa alaikumus salam. Alhaji, don Allah kada ka walde. Ba banza aka yi wurin nan da kusoshi masu sifirin ba. Inji yana girgiza a kan mazauninsa, bututun kuwa a jikin mota yake rataye, dole a samu inda za su ɗan motsa. Ka walde shi, motsin nan bai tafi ko'ina ba, wani wuri zai nema ya tsaga, kuma yawanci manifol yake ci. Na sha karɓar irin waɗannan motocin.

Kafin ka sake sayen gasket, shiga ƙarƙashi ka duba robobin da ke riƙe da salansa. In sun tsinke ko sun saki, duk nauyin bututu da tukunyarsa yana komawa kan mahaɗar nan, kowace gargada kuma sai ta fizge ta. Ka duba injin sit ma, wato mazaunin inji. In ya mutu, inji zai riƙa tsalle fiye da ƙima. Gasket ɗin da kake zargi shi ne na ƙarshe a masu laifi.

Ƙarar da ke raguwa in inji ya ɗumama kuwa, ƙarfe ne ya buɗe da zafi ya ɗan toshe kafar. Tana nan ba ta rufe ba.

Direban Land Cruiser, Tudun Wada:
Oga ya faɗi gaskiya. Tawa mai injin 1HZ ce, silinda 6, lita 4.2, manifol ɗinta dogo ne. Da aka kwance aka ɗora ƙarfe miƙaƙƙe a fuskarsa sai ga haske yana wucewa ta ƙasa, ashe ya ɗan lanƙwashe. Ko gasket nawa ka sa a irin wannan ba zai zauna ba. Sai da aka kai aka goge fuskar a inji ta daidaita. Wajen ɗaurewa kuma daga tsakiya aka fara ana fita gefe da gefe, kaɗan-kaɗan. Ba a ƙure noti ɗaya kafin a taɓa na kusa da shi. Bayan na yi tafiya inji ya yi zafi ya huce, aka sake bi da sifana.

Mai gona, hanyar Kujama:
Ni abin da na lura da shi ruwa ne. Ka sha doguwar tafiya bututu ya ɗau zafi, ka zo rafi ka afka kai tsaye. Ƙarfe mai zafi da ruwan sanyi ba sa shiri. Yanzu ina tsayawa a bakin ruwa ya ɗan huce. Sai taɓo: in ya manne a mahaɗa yana riƙe danshi, tsatsa ta cinye kusoshi, ran kwancewa su karye a ciki. In na dawo gari nakan ce wa yaran wanki su sa ruwa a ƙarƙashi sosai, amma sai inji ya huce.

Mai Hilux, Rigasa:
Na gode ƙwarai. Na leƙa yanzu, roba ɗaya ta tsinke, an ɗaure wurin da waya. Kuma kusoshin da ke mahaɗar babu sifirin a jikinsu, na zalla aka sa. Ana samun masu sifirin a kasuwar Panteka?

Bakanike, Kurmin Mashi:
Ka tafi da tsohon gasket ɗin mai kama da zobe a gwada maka daidai girmansa, ka nemi kusoshin da sifirin ɗinsu tare. In ka samu notin tagulla ka saya, ba ya kamawa da tsatsa kamar na baƙin ƙarfe. Man liƙe salansa da ake sayarwa a kwalba zai kai ka gida in ka maƙale a daji, amma a mahaɗar da ke motsi farfashewa yake yi. Bayan an gama, tun inji na da sanyi, ka tada shi, wani ya toshe bakin salansa da tsumma na ɗan lokaci, kai kuma ka yayyafa ruwan sabulu a mahaɗa. In ya yi kumfa, da saura. Baƙar kunkunniya a gefen mahaɗa ma alama ce.

Ma'aikaciyar jinya, Barnawa:
Malam, ina roƙonka kada ka ɗauki kowa a motar nan sai an gyara. Muna fita rigakafi ƙauyuka da irin waɗannan motocin, kuma na taɓa dawowa da ciwon kai da jiri, ni da duk wanda ya zauna a baya, daga baya aka gano hayaƙi ne ke shigowa ta ƙasa. Iskar kabon monoksaid ba ta da wari ko launi, kuma ta fi yawa a injin fetur. In dole ka tuƙa ta zuwa gareji, ka sauke gilasai duka, kada kuma ka bar ta a kunne kana zaune a ciki.